Garkuwar Fenti

Shafi na 14

Daga Bara'atu Kaura

Da sunan Allah nake farawa. Assalamu alaikum 'yan uwa.

Na ga saƙonninku. Masu cewa na daɗe ban sako ba ku yi haƙuri, wannan shafin sau uku ina fara shi ina ajiye wayar. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto mini cewa maigidanki zai ɗauko sabuwar mota, dila ya ce ya ƙara kuɗi a fesa mata abin kare fenti, kina tambayata ko ya biya, ni ba makanike ba ce. Amma ki ce masa kafin a fesa komai ya kai wanda ya yarda da shi ya duba motar sama da ƙasa. In dila ya ƙi, ya kama hanyarsa.

*

A ranar da nake ba ku labari, kwana talatin da bakwai ke nan da motar maigidana Maccido ta rabe biyu a hanyar Shinkafi, ranar Alhamis, cike da mata 'yan kasuwa. Shi ya rasu, mata biyu 'yan Sakajiki suka rasu. Tun ranar babu abin da ake faɗa a Kaura sai magana ɗaya, wai gudu ne. Wai sabuwar mota dal ba ta rabewa biyu sai in direba ya mai da ita jirgi.

Mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu a kan titi bai taɓa take ko akuya ba.

Shekarar da aka fara shari'a ce, an hana mata hawa kabu-kabu, shi ya sa ya sayar da gonarsa ta gado da tsohuwar motarsa ya sayo wannan don ɗaukar mata zalla. Maza da kansu suke rako matansu tasha suna cewa ku shiga ta Maccido, shi ba ya gudu. Su ne kuma suka fara zaginsa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Da safen nan autata Nazifa ta sa kayan makaranta, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta ƙi tashi.

Na ce, "Tashi ki tahi, rana ta yi."

Ta ce, "Ba ni zuwa."

"Don mi?"

Ta kau da kai.

"Nazifa, da ke nika magana."

"Waƙa suke yi mani."

"Wace waƙa?"

"Wai ɗiyar mai gudu, ubanki ya kashe mata biyu."

Shekararta takwas. Ta faɗa mini haka tana murza bakin hijabinta, ko kuka ba ta yi ba. Wallahi da ba takaba nake ba, da ranar na je makarantar nan ko takalmi babu. Na ce ta cire kayan ta shiga ɗaki.

Sai ga Inna Kulu, uwar maigidana, da kwanon koko.

Ta ce, "Namadi ya aiko. Masu sayen ƙarfe na zuwa daga Gusau kahin azahar su kwashe ta."

"Su kwashe mi, Inna?"

"Motagga mana. Ya ce kada a yi sadakar arba'in tana ƙohwar gida, duk wanda yaz zo sai ya tsaya kallo."

"Wa yat tambaye ni?"

"Ke da ke takaba, wa za shi tambaye ki? Shi na babba."

Namadi yayan maigidana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya yi boko a gidan. Shi ya raka ƙanensa Gusau wurin dilan motoci Alhaji Ladan, shi ya karanta masa takardu. Bayan haɗarin, shi ya sa aka jawo ɓarin motar guda biyu ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, ya rufe da tamfol ya ɗaure da igiya, ya ce kada kowa ya buɗe saboda zuciyar Inna.

Da na ɗauka tausayi ne.

Abin da ya hana ni sakat, wata daga cikin matan da suka tsira ta zo mini gaisuwa da hannu a ɗaure. Ta matso ta ce wallahi a hankali yake tafiya, rami kawai ya faɗa, sai suka ji ƙasan motar ya yage kamar tsohon zane. Amma wa zai saurari mai sayar da daddawa? Shi ya sa tun jiya da la'asar na aiki maƙwabciyata Larai wurin Baba Tsoho mai walda, aminin mahaifina.

Ban gama shan kokon ba na ji sallamarsa a zaure.

Na ja mayafi na tsaya bayan ƙofar da ta shigo cikin gida.

"Baba, sannu da zuwa."

"Ɗiyata, ya ƙarin haƙuri?"

"Mun gode Allah."

"Allah shi jiƙan shi. Larai ta hwaɗa mani saƙonki. Ni da ba ni zuwa."

"Haba Baba."

"Wallahi da ba ni zuwa. Kin san abin da mijinki yay yi mani? Ranar da yak kawo motagga tasha, na miƙa hannu in ƙwanƙwasa ƙohwa kamar yadda nis saba, sai yak kama mani hannu gaban mutane. Wai Baba kada ka taɓa, garanti. Ni! Tun shina kwandasta nika liƙe mashi ƙarhe."

Na ji kunya kamar ni na yi.

Na ce, "Baba, ba laihinshi na ba. Haka anka ce mashi."

"Wa yac ce?"

"Yaya Namadi. Ya ce an fesa mata garkuwar fenti, sama mai ƙyalli, ƙasa baƙa. Wai rana ba ta cin ta, kashin tsuntsu bai kama ta, tsatsa ba ta shiga. Amma wai shekara guda kada mai walda ko makanike shi taɓa jikinta, kada a shiga ƙarƙashinta, kada a ɗaga kafet. In anka yi, garanti ya tashi."

"Nawa yab biya?"

"Dubu talatin."

Baba Tsoho ya yi salati da ƙarfi har kajin zaure suka watse.

"Kuɗin bijimi! Don a shafa wa mota mai?"

Ni ma haka na ce a lokacin. Na ce ga ɗakin yara yana yoyo. Ya yi dariya ya ce ke ba ki san mota ba. Kullum da asuba zai ɗauki bokiti da tsohon zanena ya goge ta kamar jaririya. Omo ba ya taɓa ta. Ledar kujeru ma ya ƙi cirewa, mata suna zamewa suna yi masa tsiya yana dariya.

Baba Tsoho ya ce, "Ni ban ce duk mai fesa abinga ɓarawo na ba. Akwai mai son ƙyalli, kuɗinshi na, shi fesa. Amma motar da tah hito kamfani fentinta ya ishe ta, ruwa da tsumma da inuwa. Wanga zancen na kada a duba ƙasa shi na ban gane ba. Ina motar take?"

"Tana nan waje cikin tamfol."

Inna ta fito daga madafa da sauri.

"A'a Tsoho. Namadi ya ce kada a buɗe."

Na juya na dube ta.

"Inna, ɗanki na ake zagi."

"Na sani."

"Jikarki ta ƙi zuwa makaranta."

"Na ce na sani!"

"To in sunka kwashe ta yau, shi ke nan. Har Nazifa ta yi aure ɗiyar mai gudu za a ce mata."

Inna ta tsaya da ludayi a hannu. Can ta ce, "Tsoho, buɗe. In yaz zo ka ce ni nis sa ka."

Na matsa cikin zaure na tsaya bayan ƙyauren waje. Akwai tsaga a jikin katakon, ta nan nake leƙe. Tun ranar da aka kawo ta ban ga motar ba.

Ya kwance igiya ya yaye tamfol.

Kada ku tambaye ni abin da na ji. Gaba a nan, baya a can, tsakaninsu mutum zai wuce. Tasbaharsa tana nan rataye a madubi.

Baba Tsoho ya sa hannu a aljihu ya ciro mayen ƙarfe, irin wanda ake cirewa a bayan sifikar tsohuwar rediyo. Ya ɗora a kan bonet. Ya kama ƙam. Ya cire ya ɗora a ƙofar direba. Ya kama. Ya matsa baya kaɗan, wurin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya.

Mayen ya faɗo ƙasa.

Ya ɗauka ya goge a riga ya sake ɗorawa. Ya sake faɗowa.

Inna ta ce, "Mi ke nan?"

"Ba ƙarhe na a nan ba, Kulu."

"To mi na?"

"Fila. Ƙullun da muka cike lotsawa da shi kahin fenti."

"Sabuwar mota ta hwa."

Baba Tsoho ya ciro wuƙar aljihu ya fara kankara. Ƙyallin nan da aka biya kuɗin bijimi a kansa ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Ƙarƙashinsa farin fenti. Ƙarƙashin farin, wani abu toka-toka mai kaurin yatsa. Ƙarƙashin wannan kuma ɗinkin walda, baƙi, ya yi tsatsa, ya bi ginshiƙin tun daga sama har ƙasa.

Ya koma ɓarin baya ya kankare kusa da but.

Shuɗi ya fito.

Ya koma ɓarin gaba ya kankare. Fari ne har ƙarfe.

Ya juyo wajen ƙyauren, ya san ina nan.

"Ɗiyata, mota biyu ta. Gaban wata, bayan wata. Anka haɗa, anka cike, anka fesa. Wanga ɗinkin ko jaki ka ɗaura ma shi sai ya tsinke."

Na dafe bango. Wata bakwai mijina yana goge ƙarya da zanena. Wata bakwai yana ɗaukar matan mutane a kan ɗinkin da ba a bari ya gani ba.

Baba Tsoho ya tattare riga ya kwanta ya shige ƙarƙashin ɓarin baya. Ina jin wuƙarsa tana kankarar baƙin abin da aka fesa a ƙasa, mai kama da kwalta. Ƙar, ƙar, ƙar. Sai ƙarar ta tsaya.

Ya daɗe bai fito ba.

Inna ta ce, "Tsoho, lahiya?"

A daidai nan babur ɗin Namadi ya shawo kwana, babbar mota tana biye da shi, mutum uku a baya da sarƙa.

Ko kashe babur ɗin bai gama yi ba ya fara.

"Wa ya buɗe? Na ce wa ya buɗe tamfol ɗin nan?"

Inna ta ce, "Ni."

"Haba Inna, don ke na rufe ta."

"Na gode. Na gani kuma ban mutu ba."

Ya hango ƙafafun Baba Tsoho. Na ga fuskarsa ta tsagar ƙyaure. Ban taɓa ganin baƙin mutum ya yi fari haka ba.

"Baba, fito. Fito don Allah, an sayar da ƙarfen nan, ba namu ba ne yanzu." Ya juya wurin mutanen. "Ku sa sarƙa, ku fara da bayan."

Da bayan. Na ji da kunnena.

Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan ban taɓa ɗaga ido na dubi Namadi ba. In ya shigo durƙusawa nake in gaishe shi kaina a ƙasa. Ranar daga bayan ƙyaure na ɗaga murya.

"Yaya, wa yas sayar?"

Ya waiga.

"Wa ke magana?"

"Ni ta, Bara'atu."

"Ke koma ciki. Mai takaba da surutu a zaure? Ba ki da kunya?"

"Na ce wa yas sayar. Gadon marayu na, ba a raba ba."

"Ni na sayar, ni ne waliyyinsu. Gwangwani ne, me za ki yi da shi? Miya?"

"Don mi za a hwara da baya?"

"Me?"

"Ka ce su hwara da baya. Don mi?"

"Inna, ki yi wa yarinyar nan magana kafin raina ya ɓaci."

Ɗaya daga cikin mutanen ya riga ya diro, yana jan ƙugiya zai maƙala a ƙarfen baya. Baba Tsoho ko fitowa bai yi ba.

Ban san lokacin da na ture ƙyauren ba.

Kwana talatin da bakwai ƙafata ba ta taka waje ba. Rana ta dake ni a ido. Na ji Inna tana cewa, "Bara'atu, takaba! Bara'atu!" Na ji matan maƙwabta suna salati ta kan katanga. Mazan da ke zaune a dakalin masallaci suka miƙe.

Na wuce ta gaban Namadi. Na kama ƙarfe na hau ɓarin baya, na zauna a kan kujera. Ledar tana nan, ta yi ƙara da na zauna.

Na ce wa mai ƙugiya, "Ja. Ka kai mu Gusau tare."

Ya saki sarƙar ya ja da baya, ya dubi Namadi.

"Alhaji, mu ba mu zo rigima ba."

Namadi ya ce, "Kun gani ko? Kun ga matar da ƙanena ya bari? Kwana arba'in bai cika ba ta fito titi gaban maza. A garin da ake shari'a!"

Na ce, "To a kira alƙali. Ni ma shi nika nema."

"Sauko!"

"Ba ni saukowa."

"Wallahi in kika bari na..."

"Ka mi? Ka taɓa ni ka gani. Ga mutane."

Wani dattijo daga masallaci ya ce, "Namadi, bi a hankali. Ke kuma ɗiyata, wanga bai dace ba."

Na ce, "Baba Liman, da anka ce mijina ya kashe matan mutane da gudu, a dakalinga anka hwaɗa. Wa yac ce bai dace ba?"

Sai Baba Tsoho ya fito daga ƙarƙashi. Rigarsa duk baƙi, gemunsa da ƙasa. Ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa. Bai dubi kowa ba sai Namadi.

"Namadi, ina shuɗiyar motarka?"

"Wace mota?"

"Wadda kad daki kuka da ita hanyar Zurmi shekara biyu da sunka wuce. Gaba yam murƙushe, baya bai yi komi ba."

Kowa a wurin ya san motar. Har sadaka aka yi a gidan nan da ya fita da rai.

Namadi ya ce, "Na sayar wa 'yan gwangwani tun lokacin. Kowa ya sani."

"To ga bayanta nan, matar ƙanenka na zaune a kai."

Namadi ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba.

"Shuɗiyar mota ɗaya ce a duniya? Baba, tsufa ya fara taɓa ka."

"Tsuhwa ya taɓa ni, amma bai taɓa idona ba. Ka tuna ƙasan but ɗinta ya ruɓe, kak kawo mani? Da guntun duro nil liƙe shi. Kuma duk Kaura an san in na gama ɗinki ɗigo ukku nika yi a kusurwa, tun ina yaro haka maigidana yak koya mani. Shiga ka duba. Na kankare kwaltar, ɗigon na nan. Liman, in shi bai shiga, kai sa wani shi shiga."

Mai ƙugiya da kansa ya durƙusa ya leƙa. Ya ɗago ya ce, "Akwai ɗigo uku."

Na ji kujerar da nake kai kamar wuta. A motar nan aka kai ni asibiti haihuwar Nazifa. Ashe kujerar ce, sabuwar leda kawai aka sa mata.

Inna ta taka har gaban Namadi. Gajeriya ce, sai da ta ɗaga kai.

"Dube ni."

"Inna, mu shiga ciki."

"A nan za ka dube ni. Motarka ta?"

"Inna..."

"Motarka ta?"

"Ni Alhaji Ladan na sayar wa bayan. Abin da ya yi da shi ba ruwana."

"Ka ce 'yan gwangwani."

"To shi ma ai yana saye."

Na ce, "Ranar da kar raka ƙanenka, ka san ita ta?"

Bai dube ni ba.

"Yaya, da kai nika. Kai kak karanta mashi takarda. Kai kac ce shi biya a fesa garkuwa. Kai kac ce kada Baba Tsoho shi taɓa, kada a ɗaga kafet. Takarda tac ce haka, ko kai?"

"Alhaji ya ce ɗinkin zai riƙe. Ya ce sun yi wa motoci da yawa babu abin da ya faru."

Matan kan katanga suka kwashi salati gaba ɗaya.

Inna ta zauna a ƙasa, a nan cikin turɓaya, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Nono ɗaya kunka sha. Namadi, nono ɗaya."

Ni kam bakina ya riga ya buɗe.

"Kas sa shi yas sai da gonar ubanshi. Kas sa shi yab biya da hannunshi anka ruhe abin da za shi kashe shi. Kaz zo nan kaz zauna kan tabarma kana karɓar gaisuwa, ana cewa gudu na, kana kaɗa kai kana cewa ƙaddara. Kana ji ana zagin shi! Ɗiyarshi na kuka kana ba ta alewa!"

"Ya isa."

"Bai isa ba. Wallahi motagga ba ta barin ƙohwar gidanga sai alƙali ya gan ta. Sai an kira mazan matan Sakajiki sun ga ɗinkinga da idonsu. Sai an hwaɗa a tasha, an hwaɗa a masallaci, cewa Maccido bai kashe kowa ba."

Ranar ce rana ta farko da na kira sunansa a gaban mutane.

Liman ya ce, "Tana da gaskiya. Kada a taɓa motagga." Ya dubi masu babbar mota. "Ku dakata."

Na ji wani sanyi ya sauko mini. Na ce a raina, Baban Nazifa, na wanke ka.

Sai Namadi ya ɗago kai. Idonsa ya yi ja, amma muryarsa ta kwanta.

"Alƙali kike so?"

"Shi nika so."

"To mu je. Ni zan faɗi nawa, a yi mini abin da za a yi. Amma in na fara ba zan tsaya a rabi ba."

"Hwaɗi duka."

"Kin tabbata?"

"Na ce hwaɗi."

"Ya sani."

"Wa?"

"Mijinki. Ya sani."

Inna ta sauke hannu daga ka.

Na ce, "Ƙarya kaka yi. Ka kashe shi, yanzu kuma za ka yi mashi ƙazahi."

"Ranar Talata, kwana biyu kafin abin, ya ji ƙara a ƙasa a hanyar Zurmi. Ya tsaya ya shiga ƙarƙashi da kansa ya kankare. Ya same ni a bayan tasha ya ci kwalata. Ya ce sai an mai da motar. Na ce ya ajiye ta ya ba ni sati guda in ga Alhaji." Ya juya ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya. "Na ce ya ajiye ta. Ranar Alhamis wa ya loda mata tara? Ni?"

"Ƙarya ta!"

"Rigar tana nan, tabon hannunsa bai fita ba. Baƙi, yatsa biyar. In kawo?"

Na buɗe baki in sake cewa ƙarya ce, sai na tuna.

Talata.

Ranar Talata tun kafin la'asar maigidana ya dawo, abin da bai taɓa yi ba. Bai yi wa Nazifa wasa ba. Na kawo tuwo ya ce in rufe. Laraba bai fita aiki ba, ya wuni a ƙarƙashin dogon yaro yana kallon motar, ko goge ta bai yi ba. Da yamma na same shi a zaure na ce, Baban Nazifa, gero ya ƙare, gobe kuma kasuwar Shinkafi, mata tun ɗazu suke aikowa a riƙe musu wuri. Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, to.

Mai ƙugiya yana tsaye kusa da sarƙarsa. Liman yana kallona. Ta ƙofar zaure na hango Nazifa ta leƙo.

Inna ta rarrafo ta kama ƙarfen motar ta ɗago fuska.

"Bara'atu, ke ad da shi cikin ɗaki. Don girman Allah hwaɗa masu. Ran Talata, da baƙi yad dawo a hannu?"

Ni na zuba masa kananzirin da ya wanke shi.